Direba Ba Ya Barin Mota

Ranar da likita ya ce idanun Baba ba za su kai baɗi suna ganin nesa ba, Yaya ta tsaya a ƙofar asibiti ta sha kukanta, ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni. Haka Allah ya yi ni, in abu ya ba ni tsoro sai in nemi wanda zan yi wa faɗa. Na huce a kan mai gadin da ya ce na ajiye mota a karkace, alhali kuwa a karkacen na ajiye ta. Kafin mu isa gida na riga na yanke shawara.

"Ranar Asabar za mu fita yawo," na ce. "Hanyar Baba za mu bi, daga farko har ƙarshe."

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana jan bas ɗin masu yawon buɗe ido, kuma hanya ɗaya ce tal: da safe hasumiyar agogo ta tsohon birni, da rana gandun daji, da yamma ƙauyen da ke kan dutse. Da labarin wuraren nan uku aka raine mu. Mun san matakalar hasumiya ɗari biyu da sha biyu ce, mun san biran gandu sun iya zuge zip ɗin jaka, mun san in ka hau ƙololuwar da ke saman ƙauyen a ƙarƙashin ƙafarka gajimare yake wucewa. Amma ko sau ɗaya ba mu taɓa zuwa ba, don ranar hutun jama'a ita ce ranar aikinsa. Burina shi ne ya sake kallon wuraren nan tun idon na gani, ni kuma ina tsaye a gefensa yana nuna mini da yatsa.

Baba ya sosa ƙeya, ya ce, "Da wace motar?"

"Da tawa mana."

Nan na tafka kuskure. Ni koyar da tuƙi ce sana'ata, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma motar aikina birki biyu gare ta, ɗaya a wajen mai tuƙi, ɗaya a kujerar gefe inda nake zama in ina koyarwa. Fentinta ruwan ƙwai ne, da jan allo a kan rufi yana gargaɗin jama'a su yi nesa. Baba kuwa ko za a yanka shi ba zai zauna a kujerar baya ba.

Yaya ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ce mai cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Alhamis ta haɗa kaya: burodi, dafaffen ƙwai, ayaba, filas biyu na shayi, laima uku, da wata baƙar jaka cike da magani, har da na harbin kunama. Inna ta fito da takalmin da ta ajiye shekara shida tana jiran fita mai dalili. Muka tashi da sassafe muna ta surutu kamar 'yan makaranta, Inna har da ɗaga wa maƙwabta hannu.

Ba mu fita daga layinmu ba Baba ya taka birki sau huɗu. Sau ɗaya don kaza, sau ɗaya don leda, sau biyu kuma ni dai ban ga komai ba. Duk takawa sai ƙwai ya gangaro ƙarƙashin kujera, Yaya ta bi shi da rarrafe, Inna ta riƙe ciki tana dariya.

"Baba, don girman Allah ɗauke ƙafarka!"

"Ƙafata tana inda take, Kwandasta. Ke ce kike gudu kamar an biyo ki."

Kwandasta yake kirana tun ina 'yar shekara biyar, lokacin da nake maƙalewa a ƙofar bas ɗinsa in yana wanke ta, ina kiran sunayen garuruwan da ba su a duniya.

A tsohon birni lungunan sun matse har madubin gefe yana neman gogar bango. Baba ya riƙa ba da umarni, dama, hagu, sake dama, sai ga mu a bayan shagon wani mai aski, ƙarƙashin bishiyar da ya ce inuwarta ba ta gushewa sai azahar. Ya fito ya nemo dutse ya tura a bayan taya. Ya zagaya ya shuri tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya zaro tsumma daga aljihu ya saɓa a kafaɗa.

"Ku je ku gani," in ji shi. "Ni na gan ta har na gaji. A mataki na casa'in akwai 'yar taga, ku huta a nan. Kuma kar ƙarfe goma ta same ku a sama."

Na so in yi magana, sai na tuna gwiwarsa, na haƙura. Muka hau mu uku muna ƙirgawa da ƙarfi. A mataki na arba'in Inna ta cire takalmin shekara shida ta riƙe a hannu. A na casa'in ga taga, kamar yadda ya faɗa. Muka kai ɗari biyu da sha biyu cif, muka shagala da kallon rufin gidaje da tantabaru, Inna tana rantsuwa ta hango tankin ruwan gidanmu, wanda ke nisan awa biyu a mota. Ƙarfe goma kuwa ta same mu tsaye daidai ƙarƙashin ƙararrawa. Bugun farko Yaya ta saki laima uku ta rungume wani tsoho da ba ta sani ba. Muka sauko kunnuwa a toshe, kowa na yi wa kowa ihu.

"Me kika ce?"

"Na ce me kika ce!"

Baba ya tarye mu da murna, yana ta tambaya ko har yanzu igiyar ƙararrawar ja ce. Na ce shuɗiya ce. Ya ce to, an canza ke nan.

A gandun daji, mota a bakin ƙofa ake barin ta, a taka da ƙafa zuwa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ko mai sanda zai bi ta, saboda haka babu zancen gwiwa. Duk da haka Baba ya sake nemo dutse, ya sake shurin tayoyi, ya sake saɓa tsumma.

"Ku je. Biran nan in ba kowa sai su cire roban goge gilashi."

"Baba, don kai fa muka fito."

"Na sani, Kwandasta. Ku je dai ku dawo ku ba ni labari."

Na tafi ina ƙunƙuni, amma wurin bai bar ni na riƙe fushina ba. Barewa uku suka tsallaka gabanmu ba su ko kalle mu ba. Ruwan tun daga nesa yake ruri, da muka matsa feshinsa ya jiƙa mu sharkaf, Inna ta ɗaga hannu sama tana juyi kamar yarinya a ruwan farko. Muna cikin haka wani ƙaton biri ya sauko, ya zauna kusa da baƙar jakar Yaya, ya zuge zip a natse kamar shi ya saya. Bai taɓa ayaba ba. Kwalin maganin gudawa ya ɗauka ya haye bishiya, ya zauna yana jujjuya shi.

"Biyu da safe, biyu da yamma!" Yaya ta ɗaga murya ta gaya masa, don ita ko biri ba za ta bari ya sha magani ba bisa ƙa'ida ba. Ni da Inna muka zube a ƙasa.

Da muka dawo na hango Baba tun daga nesa, zaune a kan kututture, ya ba dajin baya, ya fuskanci mota. Yana jin muryarmu ya miƙe. Ruwan da yawa bana? Bakan gizo ya fito a jikin feshin? Ta wane gefe? Inna na ba shi labari yana saurare baki buɗe, har yana maimaita wasu kalmomin a hankali kamar mai hadda. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza, mutumin da ya ga abu har ya gaji ba haka yake tambaya ba.

Hanyar hawa dutse kwana goma sha bakwai ce, kuma a nan na ga Baban da ban taɓa gani ba. Ya janye ƙafarsa daga birki, ya jingina, ya lumshe ido. Ba ya buƙatar gani. Kafin kowace kwana ta zo sai ya kira sunanta, sunayen da shi ya raɗa musu: kwanar mai zuma, kwanar baƙar akuya, kwanar da wata fasinja ta yi amai a hular mijinta.

"Sa giya a lamba biyu, Kwandasta. Kar ki yarda ki sa uku, za ta yaudare ki. Matsa dama, akwai rami. Yanzu hon."

Na matsa dama, ga rami. Na danna hon, ga babbar mota ta ɓullo. Daga kwana ta biyar Inna da Yaya suka mayar da abin waƙa, duk kwana sai su haɗa baki, "Lamba biyu!" suna tafi, ƙwai na yawo a ƙarƙashin kujera ba mai bin ta kansa. Kunnuwanmu suka toshe suka buɗe, iska ta yi sanyi, ƙasa ta yi nisa har Yaya ta daina leƙawa.

Gidajen ƙauyen na dutse ne, an jera su bisa juna, rufin wani shi ne tsakar gidan wani. Wurin ajiye motoci ɗan fili ne a kan gangara, da rumfar shayi da benci ɗaya a gefe. Daga bayan rumfar wata siririyar hanya ta miƙe zuwa ƙololuwa, tafiyar minti ashirin. Baba bai gama tura dutse a bayan taya ba wata tsohuwa ta fito daga rumfar tana tafa hannu.

"Lamba Biyu! Ashe kana raye?"

"Ina raye, mai shayi. Kofina fa?"

Ta ɗauko wani kofi mai karyayyen hannu daga can saman kanta, ta hure ƙura ta ɗauraye. Ya karɓa, ya zauna a ƙarshen bencin, inda katakon ya lotsa daidai zamansa, ya saɓa tsumma.

"To, ku je ku gani. Ni na..."

Nan fa na fashe. Na ce wallahi ba inda za mu sai da shi. Na ce ban sha birki goma sha tara a hanya don ya zo ya sha shayi ba. Na ce likita ya faɗa a gabansa, kuma wannan ne wuri na ƙarshe, in bai sake hawa yau ba yaushe zai sake?

Mai shayi ta dube ni, ta dube shi, ta kwashe da dariya har tana dafa tukunya.

"Ya sake hawa? Wa, wannan? 'Yata, shekara talatin da ɗaya mutumin nan bai taɓa wuce bencin nan ba. Sau nawa na ce ya je in duba masa bas, ya ce mai shayi shayinta take kallo."

Ba wanda ya taya ta dariyar. Baba ya zuba wa kofinsa ido. Can ya ce, a hankali, "Direba ba ya barin mota. Ranar da na fara aiki maigidana ya gaya mini, ni kuma na riƙe. Mutum arba'in sun bar maka jakunkunansu da takardunsu da magungunansu, ga gangara, ga birkin hannu ba abin yarda ba. Ka tafi kallo, ka dawo ka ce musu me?"

"Hasumiyar fa?" in ji Yaya.

"Ita ma."

"Ruwan?"

"Ina jin rurinsa daga bakin ƙofa."

"To labaran da ka ba mu?"

"In sun dawo hira suke yi, ni kuma ina da kunne. Wasu su nuna mini hoto." Ya ɗago. "Ai ban taɓa ce muku na hau ba."

"Malam, ji tsoron Allah," in ji Inna. "Ce mini ka yi ka taɓa gajimare da hannunka, ka ji shi kamar auduga mai sanyi."

"To, wannan ɗin na ɗan ƙara gishiri."

Tausayinsa ya kama ni, ga kuma kunyar faɗan da na yi masa a gaban mutane. Yaya ta ce a kulle motar kawai, ba komai a ciki sai ƙwai. Ya girgiza kai. Mai shayi ta sake tayin gadi, ya ce ya gode. Ba taurin kai yake yi ba, na ga yadda yake satar kallon siririyar hanyar nan. Ƙafarsa ce ba ta san yadda ake juya wa mota baya ba. Rana kuwa ta fara karkata.

Sai na miƙa hannu na zare tsumman daga kafaɗarsa, na saɓa a tawa.

"Baba, wa ya tuƙo motar nan?"

"Ke."

"To direba ba ta barin mota. Kai yau fasinja ne." Na buga rufin motar sau biyu, na saki muryar da nake yi ina 'yar shekara biyar. "Ƙarshen hanya! Fasinja a sauka, a tafi kallo, kar a daɗe!"

Da wasa na faɗa, amma maganar ta yi mini ciwo. Tun ina ƙarama nake mafarkin tsayawa kusa da shi a ƙololuwar nan, yanzu ga ta a saman kaina ni da bakina na hana kaina. Baba ya dube ni. Ya ajiye kofi ya miƙe.

"Birkin hannu?"

"Na ja."

"Giya?"

"Tana ciki."

"Kar ki ba ta baya."

Suka tafi, Yaya a gaba da laima uku, Inna ba takalmi ta riƙe masa hannu tana cewa kowa ya kalla ya kalla, shekara arba'in ba ta samu dama ba. Sau uku yana waiwayowa kafin hanya ta lanƙwasa da su.

Na zauna a lotsattsen wurin nan na benci. Sai a lokacin na lura bencin mota yake fuskanta, da katangar da ke bayanta. Dutsen da ƙauyen da sararin duk suna bayan mai zama. Mai shayi ta cika mini kofin mai karyayyen hannu, na sha ina kallon tayoyi huɗu da bango. Minti arba'in kawai na yi, sai da na ji kamar in yi ihu.

Ihun kuwa daga sama ya zo. Ban juya ba, an ce kar in ba ta baya, amma ta madubin gefe na hango wata 'yar laima can ƙololuwa ana kaɗa ta kamar za a karya. Na zura hannu ta taga na danna hon sau uku, duwatsu suka amsa.

Da suka sauko Baba ne a gaba, ba mai riƙe da shi, yana tafe yana tuntuɓe yana dariya. Ya iso ya dafa motar.

"Baba, gajimaren fa? Ka gani?"

"Yana nan, yana nan, duk yadda suka faɗa." Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Kwandasta, ana ganin mota daga can!"

"Wace motar?"

"Wannan! Filin nan gaba ɗaya, da rumfa, da benci, kamar faranti a tafin hannu. Da wannan lalataccen idon na gan ta, ruwan ƙwai da ɗigon ja. Da idona na da ne har lambar bas zan karanta. Ko wa ya taɓa ƙofa zan gan shi." Ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya. "Shekara talatin da ɗaya! Sun ba ni labarin gajimare, sun ba ni labarin tsuntsaye, ba wanda ya ce mini ana ganin mota. To wa zai hau dutse ya tsaya kallon wurin ajiye motoci?"

Muka kwashe gaba ɗaya, har mai shayi, har wasu baƙi da ba su san abin da ake wa dariya ba. Baba ya yi ta yi har hawaye suka zubo, daga baya dariyar ta tsaya hawayen ba su tsaya ba. Inna ta zauna kusa da shi a ƙasa. Na miƙa masa tsumman ya share fuska.

"Na ga hanyar ma," ya ce. "Duka sha bakwai ɗin. Ashe kyau gare ta."

Ya dubi rana, ya dube ni, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Kulle ta."

"Baba, gwiwarka."

"Kulle ta, na ce. Daga can ma gadi ne."

Muka hau mu biyu, yana haki yana ba ni umarni, a hankali, lamba biyu, akwai dutse a hagu. A sama iska ta kusa ɗauke mini ɗankwali. Gajimare na wucewa a ƙarƙashinmu ja-ja saboda yamma, bai ko bari na kalle shi da kyau ba. Ya ja ni bakin dutsen, ya tsayar da ni a gefensa, ya miƙa yatsa.

"Ga ta can. Kin gan ta?"

Yatsan ya ɗan kauce, rufin wani gida mai launin rawaya yake nunawa. Na kama hannun na matsar da shi kaɗan zuwa dama, yadda yake gyara mini sitiyari ina koyo.

"Na gan ta, Baba."

"Ai na sani," in ji shi, bai sauke hannun ba, ni ma ban saki ba. "Gwada ki nake yi."